Gayyar da Muka Kai Fadamar Kalgo

Ina da shekara ashirin da 'yan kai aka turo ni Gwandu koyarwa a makarantar elementare, cikin shekarun nan na gab da a ba mu mulkin kai. Ni mutumin Kalgo ne, ɗan fadama, a cikin taɓo na yi wayo. Na zo da akwatin ƙarfe ɗaya da fararen riguna biyu da girman kan da ya fi akwatin nauyi. A lokacin gani nake duk abin da ya karkace a duniya ni yake jira in zo in miƙar.

Abin da ya fara tsone mini ido shi ne yammacin yaran garin. A tashi boko da azahar, a tafi allo, a taso bayan la'asar, daga nan kuma sai abin da hali ya yi. Wasu su bi lambunan rake suna ɓalle na mutane, wasu su tare a bakin kasuwa suna tsokanar jakuna, wasu su yi ta dambe har a fasa wa wani baki, iyaye mata su karɓi faɗan su kai shi mako guda. A bayan makaranta akwai wani fili, jigawa ce mai ƙaya, ba mai noma shi. Na tara yara goma sha wani abu muka share shi, muka kafa sanduna huɗu. Wani baduku ya ɗinka mana ƙwallo da fatar akuya, muka cusa mata tsumma da audugar rimi. In ruwa ya taɓa ta sai ta yi nauyi kamar kabewa, wanda ya sa mata kai kuwa ya kwana yana jin ta a wuya.

Ba a biyan ko anini, kuma ba na tambayar yaro ɗan gidan wane ne. Ɗan boko ya zo, ɗan allo zalla ya zo, ɗan mahauta ya ture ɗan gidan malamai a langa ba wanda zai ce don me. Mu yi ƙwallo, mu yi tsere, mu yi kokawa a kan rairayi, magariba na kusantowa in kore su su tafi alwala. Kafin wata biyu yara sun haura hamsin. Ranar Alhamis da Juma'a da babu allo, har daga Maruda da Ceberu wasu ke zuwa, biyu biyu a kan jaki.

Sai damina ta faɗi, aka ba da hutu. Ni kuwa na riga na tsara yadda za mu yi wasa safe da yamma, kamar yaran nan ba su da iyaye masu gonaki. Ban kai ga sanarwa ba mai unguwarmu ya aiko kirana. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma maganarsa ɗaya ce. Na same shi a zaure da iyayen yara huɗu ko biyar, kowa ya haɗe rai.

Ya ce, "Malam, mun ga aikinka, ba mu ƙi ba. Amma damana ta hwaɗi. Yaron da yas saba gudu bayan hwata ba shi duƙawa ga noma. A ruhe hilin ga sai kaka."

Na san in aka rufe shi wata huɗu ba zai sake buɗuwa ba. A nan tsugune dabara ta zo mini, kuma har yau ina yaba wa kaina a kanta. Na ce a bar mini yaran mu riƙa yin gayya. Kowace safiya dukanmu mu faɗa gonar uban yaro ɗaya mu nome ta, da yamma mu yi wasanmu. Ba a wasa sai an yi noma.

Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "To, a gwada. Amma ka ji da kyau. Ran da nij ji sun yi ma wani ɓanna a gona, ran nan an gama."

Na ce na yarda, da saurin bakin da ban san zai dawo mini ba.

Gayyar nan ta yi kyau fiye da yadda na zata. Yara hamsin da fartanya, ɗan makaɗa ɗaya yana binmu da 'yar ganga, gonar geron da za ta ci gida guda kwana biyar mu tashe ta kafin hantsi ya dubi ludayi. Mai gona ya fito da fura a ƙwarya, yara su sha, su yi ta gardamar wa ya riga wa fita kunya. Mutanen da suka haɗe mini rai a zaure su ne suka koma tare ni a hanya suna tambayar yaushe layi zai zo kansu. Na riƙa tafiya a garin nan kamar ni na kawo ruwan saman.

A damina ta biyu wani abokina da muka yi makaranta tare, yana koyarwa a Kalgo, ya rubuto mini takarda. Ya ji labarinmu ya kafa irin namu, yanzu kuma bakinsa ya buɗe. Ya ce in 'yan tudun nan nawa na Gwandu sun isa in kawo su a gwada, ƙwallo da langa, amma in gaya musu su zo da zanen share hawaye. Ban kwana da takardar ba na ba da amsa. Na zaɓi yara ashirin. Jagoransu wani ɗan maƙeri ne mai shekara sha biyar, faffaɗan ƙirji, ba ya son magana, kuma tun da muka fara langa ba a taɓa sa shi ya saki ƙafarsa ba. Wani direban babbar mota da ke kai kaya Kalgo ya ce zai ɗauke mu don Allah, amma da safiyar kwana na uku zai juyo, ko da mu ko ba mu.

A gidanmu muka sauka. Mahaifina manomin shinkafa ne, mutum mai kaifin harshe da ƙarancin dariya. Koyarwata bai taɓa kushe ta ba, amma zancen filin wasa bai shige shi ba ko kaɗan. Da ya ga yaran sun cika masa zaure ya dube ni ya ce, "Na ba da kai karatu, kai ko ka koma koya ma ɗiyan mutane wasa, abin da ko ɗan akuya ya iya ba malami."

Maganar ta sosa ni, shi ya sa na ce masa gobe da safe ya zauna gida ya huta. Dokarmu ce ba ma wasa sai mun yi noma, kuma gonarsa za mu cire wa ciyawa.

Ya ce, "Sun san shinkahwa?"

Na ce, "Baba, yaran da sunka nome rabin gonakin Gwandu?"

Ya kaɗa kai ya shige gida.

Da sassafe na kai su fadama. Ruwan gulbi bai hau ba tukuna, ƙasa dai ta jiƙu ta yi laushi, shinkafar ta kai tsawon taƙi guda. Na ce musu a nan ba a sa fartanya, da hannu ake cira, su cire ciyawa su bar shuka, su tara abin da suka cire a gefe. Iyakar bayanina ke nan. Na bar su a hannun ɗan maƙeri, na tafi wurin abokina mu ja layin fili da toka, mu kuma gai da manyan gari. Ni da na tashi ina ganin shinkafa tun ina goye, bai taɓa faɗo mini a rai ba cewa akwai mai ido biyu da zai kasa gane ta.

Ga inda gizo ke saƙar. A tudu gero ake shukawa rami rami, a kan layi, da tazara. Yaron tudu ya san abin da ya tsaya tsilli tsilli da kauri shi ne shuka, abin da ya fito a cunkushe siriri siriri shi ne ciyawa. A fadamarmu kuwa watsa shinkafa ake yi, ta fito a cunkushe kamar ciyawar bakin rafi. A cikinta akwai wata ciyawa da muke kira burugu, tana ƙarama kamarsu ɗaya da shinkafa, sai dai ta fi ta kauri da tsayi, kuma nan ɗaya can ɗaya take fitowa. Yaran nan sun duba gonar da idon gero.

Na dawo da hantsi, tun daga nesa ina jin waƙarsu, zuciyata fari ƙal. Da na matso sai ƙafata ta tsaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya zama baƙin taɓo fes, burugu na tsaye a ciki ɗai ɗai cikin mutunci, an ma tara masa ƙasa a gindi. Shinkafar babana kuwa ga ta can tsibi tsibi a gefen gona.

Ɗan maƙeri ya fito yana share gumi da bayan hannu. Ya ce, "Malam, wagga gona an bar ta ta lalace, haki ya kusa cinye shukar duka. Amma mun ƙwato abin da yar rage."

Allah ya sani na ɗaga hannu zan mare shi. Abin da ya tsayar da hannun ban sani ba, amma bakina bai tsaya ba. Na kira su jakuna, na kira su makafi, na ce sun kashe ni sun kashe filinsu. Gonar nan ita ce tuwon gidanmu na shekara, mahaifiyata da ƙannena shida a kanta suke. Ƙananan yaran suka fara hawaye ba su ma san laifinsu ba. Ina cikin wannan haukan na ji gyaran murya a bayana. Mahaifina ne, zaman gida ya gagare shi, ya biyo ƙannena mata da suka ɗauko fura.

Bai dube ni ba. Ya je ya ɗebi shinkafar da aka tara, ya juya saiwar yana dubawa. Sannan ya tumɓuke burugu ɗaya ya kira ɗan maƙeri, ya sa masa su biyun a hannu.

Ya ce, "Yaro, shahwa nan, inda ganye yar rabu da kara. Mi kaj ji?"

"Wanga da ɗan gashi, Baba. Wanga ko sumul."

"Mai gashin ita ta shinkahwa. Wa yan nuna muku da sahe?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Ba ya son ya tona ni, ƙarya kuma ba ta cikin halinsa. Can ya ce, "Ba wanda yan nuna muna."

A nan ne mahaifina ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ya kawar da kai. Da mari ya yi mini a gaban yaran da ya fi mini sauƙi.

Ya ce saiwar ba ta mutu ba, tunda a jiƙe take kuma a inuwa aka tara ta. In an mayar da ita ƙasa kafin rana ta gasa ta, wata za ta kama. Sai dai dashe ne ɗaya bayan ɗaya, aikin da zai ci yinin nan duka har ya taɓa gobe. Wasa kuwa bayan la'asar ne, an riga an yi shela a gari, mota kuma da safe za ta tashi. Ba zan ɓoye ba, tunda tsufa ya zo kuma kunyar ta riga ta wuce: na buɗe baki na fara cewa mu yi abin da ya samu zuwa azahar, mu je mu buga wasan, in ya so daga baya a san abin yi.

Ɗan maƙeri ne ya katse ni, yaron da sai ya yini bai yi magana goma ba. Ya ce, "Malam, kai kac ce ba a wasa sai an yi noma. Wanga da munka yi ba noma na ba."

Ya juya ya shiga taɓo, sauran suka bi shi. Ba wanda ya nemi izinina. Na naɗe farar rigata na rataye a reshe, na bi bayansu.

La'asar ta yi, mutanen Kalgo sun cika fili suna jiran 'yan tudu, shiru. Abokina ya biyo sawu da yaransa, suka same mu duƙe cikin taɓo har gwiwa. Da suka gane abin da ya faru sai dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Wani ya ce a ba baƙi burugunsu su kai Gwandu a yi musu tuwo. Wani ya ce a bi su a hankali, kada a nuna musu gulbi su ce rijiya ce ta fashe. Yarana suka haɗiye, ba wanda ya ɗaga kai. Da dariyar ta ƙare, wani ɗan Kalgo ya ga yadda ɗayanmu ke cusa shinkafa har wuya, ya ce ba haka ake yi ba, ya shigo ya nuna masa. Shi ke nan, ɗaya bayan ɗaya suka shigo duka. Matsattsaku ya kama wani ƙaramin yaronmu a ƙwauri ya kurma ihu kamar maciji ne, 'yan Kalgo suka cire masa suna yi masa tsiya. Haka muka yi ta yi har aka kira magariba. Da asuba bayan salla muka koma, muna dasa layin ƙarshe direba na danna mana oda daga bakin hanya.

Ba mu buga wasan ba. Mahaifina ya sallami yaran ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu albarka. Ni kuwa ya ce mini in sauka lafiya, daga nan bai ƙara ba.

Na yi niyyar in kai wa mai unguwa labarin da bakina, amma bakin direba ya fi motarsa gudu. Na same shi ya riga ya ji, har da ƙarin gishiri. Na yi bayani, na ce laifina ne ba na yara ba, na ce mun gyara.

Ya ce, "Na ji, Malam. Amma ɓanna an yi ta ko ba a yi ba?"

Na ce an yi.

"To, alkawali kaya na. A ruhe. In kaka ta yi, mu ji daga bakin mai gona."

Na fita raina a ɓace, na je da kaina na tumɓuke sandunan nan huɗu na jefa bayan ɗakina. Na tara yara na ce musu an rufe fili, saboda haka gayya ma ta faɗi, kowa ya koma gonar ubansa. Washegari ina buɗe ƙofa na gan su tsaye da fartanyu, sun fi talatin. Ɗan maƙeri ya ce akwai gonaki bakwai da layi bai zo kansu ba, kuma masu su sun sa rai. Suka yi maimai, suka yi girbin gero, bayan an koma makaranta ma suka ci gaba a ranakun da babu karatu, ba ƙwallo ba langa, ba wanda ya yi musu alkawarin komai. Na koyar da yaran da suka zama alƙalai da manyan ma'aikata, ina kuma alfahari da su. Amma ban taɓa jin abin da na ji a ƙofar ɗakin nan da safiyar nan ba.

Duk tsawon watannin nan ko saƙon gaisuwa bai zo mini daga gida ba. Na aika takarda sau biyu, ƙanena ya amsa da cewa kowa lafiya, bai ce komai a kan gona ba.

Bayan an yanke shinkafa, wata ranar Laraba ina cikin aji aka ce ina da baƙo. Na fito na ga mahaifina tsaye da sandarsa, mutumin da tun da aka turo ni Gwandu bai taɓa tako ta ba. Ko ruwa bai sha ba ya ce in kai shi wurin mai unguwa. Suka gaisa gaisuwar dattawa, doguwa, har da tambayar ruwan bana da lafiyar dabbobi, ni ina tsugune a gefe. Kafin su gama zauren ya cika da iyayen yara.

Mai unguwa ya ce, "An yi hasara?"

Mahaifina ya ce, "An yi. Inda sunka dasa, rabi ya kama, rabi ruwa ya hau ya cinye shi tun bai yi ƙarhi ba. Bana sai mun haɗa da dawa."

Na san ba zai yi ƙarya don ni ba, amma na sa ran zai ɗan rage.

Ya ci gaba. "Ba ƙara nik kawo ba. Tun ina yaro nika noma hwadama. Shanu sun shigam man gona, 'yan ƙodago sun cuce ni, maƙwabci ya ci man iyaka. Duk wanda yay yi man ɓanna, ƙeyatai nika gani shina tahiya. Waɗanga ɗiyan naku su kaɗai na sunka tsaya. Ana kiɗa a hili ana jiran su, suna duƙe cikin taɓona. Baɗi ina son ku ba ni aron su, yanzu sun san shinkahwa."

Mahaifin ɗan maƙeri yana daga can baya, na ga ya sunkuyar da kai yana murza idonsa da babban yatsa. Mai unguwa ya dube ni ya ce in gaya wa yara su fito fili bayan la'asar.

Muka fito ni da mahaifina, yana gaba ina binsa a baya kamar yadda na saba tun ina ƙarami. Daga nesa muna jin ihun yara, labari ya riga ya isa makaranta. Mun kusa ƙofar gidana ya tsaya ya gyara riƙon sandarsa, bai juyo ba.

Ya ce, "Su tun cikin taɓo niy yahe musu. Kai ko sai yau."

Na ce na gode, Baba. Ya ce in daina tsayuwa a rana in samo masa ruwa ya sha.